Ma'aikatar Ƙwadagonmu Tana Tashar Mota

Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda a biya ma'aikaci a ƙasar nan, wanda ƴan boko ke kira SMIG, ya tashi daga sefa 30.047 zuwa sefa 42.000. Aka yi ta tafi a Yamai, kowa na jan yabon zuwa gefensa. Ba mu ƙi ba. Wanda ya yi shekara da shekaru kan jika 30, in aka ƙara masa jika 12 ai zai ga canji a tukunyarsa. Sai dai muna roƙon wanda ya sa hannu kan takardar ya ɗauke ta ya kama hanyar Maraɗi, ya miƙe arewa har Mai Yara, ɗaya daga cikin komin biyar na ƙasar Kornaka a gundumar Dakoro, ya sa a tara masa samarin garin ya karanta musu. In ya je da damina zai tarar da su, su saurare shi cikin ladabi, sannan su tambaye shi wa ke biyan wannan albashi, a kuma ina ake rubuta suna. In kuwa ya bari sai an gama ɗaurin hatsi, to ya huta da tara kowa. Tsofaffi zai tarar, da mata, da yara, da ƴan tsirarun samarin da rashin kuɗin mota ya tsare.

Abin da za mu faɗa ba shi da daɗin ji. Daga Taron Ƙasa na 1991 zuwa yau an yi shugabanni masu babbar riga, an yi masu kaki, an rubuta kundin tsarin mulki an yage an sake rubutawa, an kafa jam'iyyu an kuma rushe su a 2025. Duk da wannan kai-komo, manufar ƙasar nan game da aikin yi ga ƴaƴan talakawan karkara guda ɗaya ce tak, ba ta taɓa sauyawa ba, ba a kuma taɓa samun mai ƙarfin halin rubuta ta ba. Manufar ita ce: su tafi. Su tafi Kano da Legas, su tafi Kwatanu da Abijan, su tafi Tamanrasat da Sabha, su tura baro, su yi ga-ruwa, su yi dako, su yanke farce, su kwana gadin gidan wani, su aiko da abin da Allah ya hore. Ma'aikatar ƙwadagonmu ta gaskiya tashar mota ce, ministanta kuwa ɗan kamasho, kuma shi kaɗai ne ministan da bai taɓa saɓa alkawarin samar wa matasa gurbi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka sakaci ne kawai. Sakacin da ya shekara 30 yana yi wa mai shi amfani ya tashi daga sakaci ya koma dabara. Saurayin da ya tafi biɗa ya rage wa rumbu baki ɗaya tsawon wata bakwai ko takwas. Kuɗin da yake aikowa ta Nita ko Al Izza su ke sayen tiyar hatsi da bazara, su ke biyan magani, su ke biyan lanho, su ke ɗaura aure. Uwa-uba, wanda ke tura baro a Sabha ba ya ƙona taya a Maraɗi, ba ya kuma tambayar kowa inda kuɗin ƙasa suka shiga. Wace gwamnati ce za ta ƙi irin wannan ɗan ƙasa, mai ciyar da iyalinsa da gumin da ya zubar a ƙasar wasu, wanda ba ya neman komi wurin hukuma sai takardar shaidar ɗan ƙasa, ita ma da kuɗinsa?

Mu duba lissafin da saurayin Mai Yara ke yi kafin ya ɗaura jakarsa, domin lissafi ne, ba hauka ba. Ruwan sama a wannan yanki wata uku ne zuwa huɗu, in shekara ta yi kyau. Daga shibka zuwa girbi aikin gona na cin ƙarfinsa. Daga nan sai rani mai tsawon wata takwas wanda babu abin da ke ɗaukar hannu. Noman rani da ake ta wa'azinsa a rediyo yana son ruwa kusa, alhali a wurare da dama na gundumar Dakoro sai an nutsa mita 50 ko fiye kafin guga ya taɓa ruwa, har sai an ɗaura wa jaki ko sa igiya. Gonar da kakansa ya nome shi kaɗai yau jikoki goma ke kallon ta. Ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ƴan kai a Nijar, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17, jahar Maraɗi ita kaɗai miliyan 3,4. Dā in gona ta ƙare sai a matsa arewa a sari daji. Wannan ƙofa ta rufe. Dokar 26 ga Mayun 1961 ta shata iyakar da noma bai kamata ya wuce ba don a bar wa makiyaya hurumi, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta, sun danna cikin kwarin Tarka, kuma duk wanda ya tuna abin da ya faru a Toda a watan Oktoban 1991, inda aka kashe mutum sama da 100 akasarinsu mata da yaran Fulani, ya san abin da ƙuncin ƙasa ke haifarwa. Saurayin ya duba gabas ya duba yamma, bai ga komi ba sai mota.

Akwai masu cewa, cikin ƴan bokonmu musamman, ai cin rani al'ada ce, Bahaushe tun fil azal matafiyi ne. Gaskiya ne fatake sun kai Gwanja tun kafin zuwan Nasara, malamai da almajirai sun yi yawon neman ilimi. Amma falke da jarinsa yake tafiya. Tafiyar ƙarti su sayar da ƙarfinsu ta bunƙasa ne ranar da Faransa ta ɗora lanho da kuɗi da aikin dole a kan mutanen da ba su da inda za su samu kuɗin sai ƙasar Ingilishi. An soke aikin dole a 1946, lanhon ya zauna, tafiyar ta zauna. Kiran wannan abu al'ada dabara ce ta wanke hannu: in al'ada ce, ai babu wanda za a tuhuma.

Akwai kuwa lokacin da jahar Maraɗi ke riƙe ƴaƴanta fiye da yau. Zamanin gujiya manomi na da abin sayarwa da kaka. Kamfanin SONARA, da aka kafa a 1962, yana saye, ana aikin ɓara da awo da dako, matatar mai ta Siconiger na tatsa a cikin garin Maraɗi, majemar Sonitan na jeme fatar jar akuyar da duniya ta sani da sunan garin. Ba aljanna ba ce. Manomi ya sha cuta a bakin sikeli. Amma akwai aiki a bayan girbi. Farin shekarun 1970 ya karya gujiya, kuɗin uraniyom suka sa mahukunta mantawa da ita, da farashin uraniyom ɗin ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai ga FMI da Bankin Duniya da almakashinsu. Aka rufe SONARA, asusun ba manoma rance na CNCA ya mutu, bankin BDRN ya bi shi a 1990, aka daina ɗaukar masu digiri aiki kai tsaye. Ɗaliban da aka harbe kan gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990 wannan almakashi suka fito ƙi. Jininsu ya buɗe ƙofar dimokuraɗiyya, dimokuraɗiyyar ta shigo ta ci gaba da yankan daga inda aka tsaya. A watan Janairun 1994 aka tara shugabanninmu a Dakar aka raba darajar sefa biyu. Tun daga lokacin, a duk abin da aka rushe a Maraɗi, a nuna mana wanda aka gina madadinsa mai ɗaukar samarin ƙauye da rani.

Alkawari dai ba mu rasa ba. Shirin musamman na shugaba Tandja ya gina azuzuwa da ƙananan gidajen likita a ƙauyuka, wasu na amfani har yau, amma ginin aji aikin wata biyu ne. A 2009 aka amince da wata takarda mai suna manufar ƙasa kan samar da aiki. A 2011 shugaba Issoufou ya zo da alkawarin gurbin aiki 50.000 kowace shekara, da shirin 3N na ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar. Mu ɗauka an cika alkawarin har da ƙari, ba za mu yi gardama kan alƙaluman da aka riƙa karantowa ba, duk da mun san har aikin kwana 30 ana lissafa shi gurbi. Tsakanin ƙidayar 2001 da ta 2012 jama'ar ƙasar nan ta ƙaru da mutum miliyan 6 cikin shekara 11, wato sama da rabin miliyan kowace shekara. Yaran da aka haifa a wannan tsakanin su ne samarin da ke cika tasha yau. Gurbi 50.000 a gaban rabin miliyan, ko ɗan aji uku ya san ɗaya ne bisa goma. Sauran taran fa? Ba a taɓa amsa wannan tambaya ba, domin kowa ya san amsar tana tasha. Hukumar ANPE da aka ɗora wa haɗa mai neman aiki da mai ba da aiki tana birane, tana rubuta sunan mai takardar makaranta. Saurayin da ya bar lakwal a aji huɗu, ko wanda allo kaɗai ya riƙe, ba ya cikin littafinta. Saboda haka ba ya cikin marasa aikin yi, saboda haka alƙaluman hukuma ke nuna Nijar cikin ƙasashen da rashin aiki bai dama ba. Mutum ya yi noman wata huɗu an rubuta shi mai aiki, shi ke nan an gama da shi.

Sai a ce a yi haƙuri, arzikin ƙarƙashin ƙasa na tafe. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a watan Nuwamban 2011. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2.000, ya fara kai ɗanyen mai a 2024. Madalla. Amma rijiyar mai injiniya take so da ƴan gadi, ba ta son ƙarti dubu ɗari. Uraniyom ya shekara 50 ana haƙarsa a Arlit bai hana kowa tafiya Libiya ba, ranar da aka rufe Cominak kuwa, 31 ga Maris 2021, sai ma ya ƙara yawan masu zaman fada. Man fetur kuɗi yake kawowa, kuma kuɗi ba sa zama aiki sai an yi niyya. Kashi 15 bisa 100 na kuɗin ma'adinai da doka ta ware wa ƙananan hukumomi na yankin da ake haƙar ne. Mai Yara ba ta da rijiyar mai, ƴaƴa take fitarwa, kuma babu dokar da ta ware mata ko dala.

Laifin wannan manufa ta “su tafi” mafi girma shi ne ta ɗora tukunyar ƙasa kan murhun maƙwabci, shi kuwa yana iya janye itacensa duk ranar da ya ga dama. Gana ta kori baƙi a 1969. Najeriya ta kore su a 1983 zamanin Shagari, ta sake a 1985 zamanin Buhari, iyaka na rufe ga yunwa, har talakawanmu suka raɗa wa yunwar sunansa. Rikicin Kodebuwa na 2002 ya koro wasu. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro dubun dubata, da yawa daga su sai rigar jikinsu, suka dawo gidajen da jiya su ke ciyarwa suka zama ƙarin baki. Najeriya ta sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 CEDEAO ta garƙame ta har watanni bakwai. A daidai wannan lokaci naira ta zube, ta yadda wanda ya yi rani guda yana ga-ruwa a Kano in ya canza abin da ya tara zuwa sefa sai ya rasa bakin magana. Hanyar kudu kanta ta cika da ƴan bindiga, daga Zamfara da Katsina har Madarumfa da Gidan Rumji. Shi ya sa fuskar matafiya ta ƙara juyawa arewa, inda kuɗin suka fi kauri, mutuwa kuma ta fi kusa.

A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu daga yankin Kance. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku. Mai hankali zai zaci daga nan za a zauna a tambayi abin da ke sa uwa ta goya jariri ta tunkari Sahara. Abin da ya biyo baya shi ne yarjejeniyar da aka yi da Aljeriya a ƙarshen 2014 ta maido da ƴan Nijar cikin manyan motoci, sai kuma doka mai lamba 2015-36 ta 26 ga Mayun 2015 kan safarar baƙin haure. A watan Nuwamban shekarar aka yi taron Valeta, Turai ta buɗe asusu, Yamai ta buɗe hannu. Aka kama direbobi a Agadas, aka tsare motocinsu suna ruɓewa a rana. A takarda dokar ba ta hana ɗan Nijar tafiya ba, baƙi aka ce ana tarewa. A ƙasa kuwa kuɗin mota ya hau, shingaye suka ƙara tsada, direbobi suka bar hanyar da ke da rijiyoyi suka shiga inda in mota ta mutu babu mai wucewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙasar da ba ta iya ba ɗanta aiki ba ta karɓi lada don ta zama mai gadin ƙofar Turai, alhali ɗan Mai Yara ba Turai ya nufa ba, Sabha ya nufa ya yi leburanci ya dawo kafin ruwan shibka.

Janar Tiani ya soke dokar a watan Nuwamban 2023, kuma soke ta daidai ne. Amma kada a sayar mana da buɗe ƙofa a matsayin gina ɗaki. Soke dokar ya maido mu ne kan tsohuwar manufa, a sarari ba kunya. Aljeriya ba ta fasa kora ba: ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30.000 da aka zubar wajen Asamaka a shekarar 2024 kaɗai, ƴan Nijar da baƙi. Mun fita daga CEDEAO a watan Janairun 2025 da sunan ƴancin kai, to ƴancin kan da ya bar abincin Dakoro a hannun ɗan sandan Tamanrasat da ɗan canjin Kano da sauransa. Akwai takardar manufar ƙasa kan hijira ta 2020 zuwa 2035, akwai yarjejeniyar ƙwadago da aka sa wa hannu da Libiya a ƙarshen 2021. A tambayi duk wanda ya dawo daga can ko ya taɓa ganin amfaninsu ranar da mai gida ya hana shi ladan wata shida, ko ranar da aka tsare shi aka bugo wa iyayensa waya su sayar da gona.

Yanzu mu juyo gida, domin wannan jarida ma'aikata da ƴan kasuwa ke saye, kuma gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ku ma'aikatan gwamnati, ba mu manta da abin da kuka sha ba. A shekarun 1990 kun yi watanni kuna aiki ba albashi, mai kanti ya daina ba ku bashi, mai gidan haya na jiran ku a ƙofa, USTN na kiran yajin aiki bayan yajin aiki. SMIG na lokacin sefa 18.898 ne, karyewar sefa ta cinye shi, sai a 2006 aka kai shi 28.347, bayan bazarar 2005 da buhun hatsi ya fi albashin wata, shugaban ƙasa na musun yunwa, likitocin MSF na auna damatsan yara a Dakoro. Kokowarku halal ce. Amma ku nawa ne? Kimanin dubu 40 a wancan zamani, cikin ƙasa mai mutum wajen miliyan 9. Duk gardamar da ake yi kan aiki da albashi a ƙasar nan tsakanin gwamnati ce da wannan ɗan ƙaramin rukuni, a cikin biro mai sanyi, da Faransanci. Sau nawa wata ƙungiyar ƙwadago ta sa maganar ɗan barema, ko yaron kanti, ko ɗan cin rani cikin jerin buƙatunta na 1 ga Mayu, ta kuma tsaya kanta har aka yi wani abu? Sau ɗaya aka ga abin da haɗin kai ke iya yi, a watan Maris na 2005, da gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 kan kayan masarufi, ma'aikaci da ɗan tireda da mai kabu-kabu suka rufe garuruwa tare, gwamnati ta ja da baya. Da aka samu biyan buƙata kowa ya koma rumfarsa.

Kun kuma bari an shigo da cin rani cikin gidanku. Tun daga 1998 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, daga baya aka kira su ƴan kwantaragi, har suka zama su ne mafi yawan masu riƙe da alli a makarantun firamare. Ana biyan su abin da bai kai na cikakken malami ba, ana jinkirta shi, sai malami ya rufe aji ya tafi babban gari ya yi kwanaki yana jiran ƴan kuɗinsa. A 2017 aka yi musu jarrabawa aka shelanta wa duniya cewa da yawansu ba su iya ba. Wa ya ɗauke su? Wanda ya sayi araha ai shi ya san abin da ya saya. Yaron Mai Yara da ke zaune gaban wannan malami yana kallon takalminsa, yana kuma kallon wansa da ya dawo daga Libiya da babur da waya. Ba ya buƙatar kowa ya yi masa bayanin wace hanya ce ke ɓullewa.

Ku kuma alhazan Maraɗi, da ku ƴan kasuwar Dakoro da Sabon Mashi da Kornaka, kun fi kowa kukan cewa yaran yanzu ba sa son aiki. Nawa kuke biyan yaron da ke buɗe kanti da asuba ya rufe bayan isha? Jika 42 ɗin nan da doka ta faɗa, in an raba ta kwana 30, sefa 1.400 ce a yini, a ƙasar da buhun hatsi ya haura jika 30 a kasuwanni da dama a bazarar 2024. Ko ita ɗin mutum nawa ke biya? Za ku ce ana ci da shi, ana yi masa rigar salla, wata rana a yi masa aure a ba shi jari. Tsarin ubangida da bara ya fitar da mutane da yawa, gaskiya ne, amma na mutum ɗaya ne cikin ɗari, saura sai su tsufa suna jiran wata rana. Ku ne kuma ke sayen wake da hatsi da kaka lokacin da lanho da bashi suka shaƙe manomi, ku kulle a sito, ku sayar masa da bazara ninki biyu, da kuɗin da ɗansa ya aiko daga Sabha. Ku ne ke loda waken da dabbobin a tsaye zuwa Jibiya da Kano, a can a sarrafa, a can a ɗauki ma'aikata. Mun san uzurinku: wuta ba ta tsayawa, banki ba ya ba da rance mai dogon wa'adi, duwan da masu patanti na bin mai masana'anta fiye da mai fito. Uzuri ne mai ƙarfi, kuma laifin hukuma ne. Amma kuna da bakin da ake ji a fadar kowane shugaba. Mun ga kun yi amfani da shi kan harajin shigo da kaya. Ba mu ga kun yi amfani da shi kan wutar da za ta juya injin matsar mai a Dakoro ba.

Zargin lalaci kuwa a ajiye shi. Manoman jahar nan ne, tun daga tsakiyar shekarun 1980, suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon itace a gona suna renonsa, har aka ƙiyasta kadada miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin ƙasar, aikin da babu wata ma'aikata da ta taɓa yin kwatankwacinsa. Samarin nan ne suka cika Jado da aka ga zinariya a 2014, su ne suka shiga ramukan Ɗan Isa har ƙasa ta rufta da aƙalla 18 a watan Nuwamban 2021. Malalaci ba ya shiga rami mai zurfin gaba goma don ƴan giram.

Abin da ya rage shi ne a yi tambayar da ta dace: wane aiki ne ɗan ƙauye zai yi daga Nuwamba zuwa Mayu, a garinsu, a biya shi? Kountché ya yi wannan tambaya bayan farin 1984 da ya tura kowa noman rani, ko da yake da sanda ya yi ta, kuma yawancin lambunan sun mutu tare da shi. Indiya ta amsa ta a 2005 da dokar da ta ba kowane gidan karkara haƙƙin aikin kwana 100 a shekara da kuɗin gwamnati. Habasha, wadda ba ta fi mu arziki ba a lokacin, ta kafa nata shirin a shekarar. Mu ma muna da ɗan samfurinsa: aikin gandari da haƙar rabin-wata da ake biya da kuɗi ko abinci. Amma furoje ne, na mai ba da tallafi ne, yana zuwa ƙauye uku ya tsallake talatin, ya ƙare ranar da baƙon ya naɗe tabarmarsa. A mai da shi haƙƙi, a rubuta shi cikin kasafin kuɗin ƙasa daga kuɗin mai, a damƙa wa komin: hanyoyin karkara, yashe tabkuna, rijiyoyi masu zurfi da famfon hasken rana, shata burtali, sitocin ajiyar amfanin gona da za su ba manomi rance kan buhunsa don kada ya karyar da kaka. Za a ce babu kuɗi. An aza tubalin madatsar Kandaji a 2008, shekara 15 bayan haka ba ta shayar da kadada ɗaya ba. Za a ce za a sace. Za a sace mana, kamar yadda ake sace na sauran. A liƙa sunayen ma'aikata da abin da aka biya kowa a ƙofar komin, a karanta a rediyon gari, a ga ko satar za ta yi sauƙi. Wanda ya zaɓi tafiya duk da haka ya tafi da takarda, da ofishin jakadancin da zai amsa wayarsa.

Kafin duk wannan akwai aikin da ba ya cin ko sefa ɗaya. Tun da aka rushe majalisun komin a watan Afrilun 2024, wakilan da gwamnati ta naɗa ke riƙe da su, ba su da ƴan adawa, ba su da zaɓen da za su ji tsoro. Wanda ke riƙe da Mai Yara ya kira masu garuruwa a watan Disamba, kowa ya faɗi samari nawa suka tafi daga garinsa, ina suka nufa, nawa suka dawo bara, nawa aka yi wa salla babu gawa. Masu gari sun san lissafin gida-gida, domin su ke bin lanho, kuma sun san gidan da sai an jira saƙo daga arewa kafin ya biya. A rubuta, a aika Dakoro, Dakoro ta aika Maraɗi, Maraɗi ta aika Yamai, a ajiye kan teburin ministan da ke kula da aikin yi kusa da takardar jika 42. In sun ƙi bugawa, a kawo mana, shafin nan a buɗe yake.